Titi da kasuwa a kudancin Kano: Ina rabon mai tafiya a ƙasa?

A garuruwan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran garuruwan kudancin jihar Kano, babban titi shi ne kasuwa.

A bakinsa ne mai shayi da mai tsire da mai faci ke kafa sana'a, a nan ne kuma motocin haya ke lodi da sauke fasinja.

Sai dai wanda ya fi kowa amfani da titin, wato mai tafiya a ƙasa, shi ne aka fi mantawa da shi idan an tashi aikin hanya.

Mahaɗar hanyoyi

Kwanar Ɗangora, da ke ƙaramar hukumar Ƙiru, na kan tagwayen hanyar Kano zuwa Zariya. Daga nan ne wata hanyar ta ɓalle ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore da ke Doguwa, ta nufi Saminaka da Jos.

Yanki ne na noma, wanda shinkafarsa da masararsa ke fita a manyan motoci.

A ranakun kasuwa, tireloli da babura da amalanke da 'yan talla da yara masu zuwa makaranta duk kan haɗu a kan kwalta ɗaya.

Shirin kilomita biyar

A wa'adinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya ƙaddamar da shirin gina tagwayen tituna masu tsawon kilomita biyar a hedkwatocin ƙananan hukumomin jihar, tare da magudanan ruwa da fitilun kan hanya.

Manufar ita ce a bai wa garuruwan karkara kamannin birni, a kuma rage kwararar jama'a zuwa Kano.

Da dama daga cikin ayyukan ba su kammala ba har gwamnatin ta sauka, wasu kuma suka shafe shekaru a yashe.

Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka a lokacin da aka fara shirin, ya sake ɗauko shi bayan da ya zama gwamna a 2023.

Faɗi ba shi ne tsira ba

Masana harkar sufuri na jan hankali cewa faɗaɗa titi kaɗai ba ya kare rai. Titi mai faɗi da santsi kan sa direba ya ƙara wuta, tsallake shi kuma ya fi wuya ga tsoho da yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutane miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

A cewar hukumar, haɗarin mutuwar mutumin da mota ta buge kan ninka sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa ɗaya.

Don haka ne taron ministoci da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a wuraren da mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Abin da titin kasuwa ke bukata

Na farko shi ne daɓen gefen titi wanda ya ɗara kwalta tudu, don kada mota ta hau shi.

Sai rufe kwatami da murfin siminti, domin buɗaɗɗiyar magudana kan tilasta wa mutum komawa kan kwalta, musamman da damina.

Akwai kuma bukatar tudun rage gudu da wurin tsallakawa a kusa da masallacin Juma'a da makaranta da ƙofar kasuwa, da fitilu masu aiki da hasken rana, da bishiyoyin inuwa irin su darbejiya.

Matsalar 'yan kasuwa

A birnin Kano, inda aka kafa hukumar KAROTA a 2012, an sha tayar da masu kasa kaya a gefen titi, amma sukan dawo bayan ɗan lokaci.

Dalili kuwa shi ne, mai sana'a na bin inda ƙafa ke bi ne. Idan aka kore shi ba a ba shi wani wuri kusa ba, an raba shi da abincinsa. Idan kuma aka ƙyale shi ya cinye daɓen, an tura mai tafiya gaban mota.

Mafitar da masu tsara birane suka fi bayarwa ita ce a keɓe wa rumfuna layinsu a bayan daɓen, a kuma ware tashar lodi daga kan titi tun a zanen aikin.

Hakan na bukatar zama da hakimai da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyar direbobi kafin a zuba kwalta, domin su ne za su tsare dokar bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa.