Sarƙa, Ƙusa da Roba Mai Laushi: Tarihin Tayar Hunturu

A ƙasashen arewacin duniya akwai wata hidima da ke zagayowa sau biyu a shekara. Da zarar Oktoba ya raba tsakiya, sai motoci su yi layi a wuraren masu taya a Helsinki da Munich da Montreal da Sapporo, kowa na jiran a kwance masa tayoyin lokacin zafi a ɗaura na hunturu. Idan Afrilu ya kama, a sake kwancewa. Mai ƙaramar mota da ya je saye kan tarar da aƙalla iri huɗu a gabansa, kowace ana kiranta tayar hunturu, alhali aikinsu ya bambanta. Wannan rarrabuwa gadon tarihi ce. Kowane iri an ƙirƙiro shi ne domin magance matsalar wata ƙasa a wani zamani, kuma sau da yawa maganin da aka samo shi ya haifi matsalar da ta biyo baya.

Tushen al'amarin ƙarami ne. Abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a kan waɗannan tafuka huɗu ne birki da sitiyari da ƙarfin inji suke dogara. Sanyi yana taurara roba, ta kasa kama ƙananan gargada na kwalta. Ƙanƙara kuma tana ɗauke da siririn ruwa a samanta, wanda ke raba taya da abin da za ta riƙe. Shekaru ɗari da ashirin na tarihin tayar hunturu ƙoƙari ne na shawo kan waɗannan abubuwa biyu.

Zamanin sarƙa

Dabarar farko ba ta taɓa tayar kanta ba. A 1904 wani Ba'amurke mai suna Harry D. Weed, daga jihar New York, ya yi rajistar mallakar sarƙar da ake naɗa wa taya domin ta ciji laka da dusar ƙanƙara. Sarƙa ta yi aiki, har yau ma ana wajabta ta a wasu hanyoyin duwatsu. Sai dai tana da wahalar ɗaurawa cikin sanyi, ba ta barin mota ta yi gudu, kuma da an fito kan busasshiyar kwalta sai ta shiga cin hanya tana cin taya. Saboda haka a ƙasashe masu dogon hunturu mutane da dama kan jingine motocinsu har sanyi ya wuce, doki da keken da ake ja a kan ƙanƙara su ci gaba da aikinsu.

Ƙasar Finlan ce ta fara gajiya da wannan hali. Kamfanin roba na ƙasar, wanda aka kafa a 1898 kuma ya koma garin Nokia a 1904, ya fitar da taya mai suna Kelirengas a 1934, wato tayar yanayi, domin manyan motocin kaya. Zanenta manyan tsagogi ne a gicciye, masu haƙa cikin dusar ƙanƙara suna kuma zubar da ita yayin da tayar ke juyawa. Bayan shekara biyu, a 1936, kamfanin ya fitar da ta ƙananan motoci, ya raɗa mata suna Hakkapeliitta, sunan mayaƙan dawakin Finlan da suka yi wa sarkin Suwidin yaƙi a Yaƙin Shekara Talatin na ƙarni na 17. Kamfanin shi ne Nokian na yau, kuma sunan na nan a jikin tayoyinsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da motoci suka yawaita, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 1952 Continental na Jamus ya fitar da M+S 14, Goodyear na Amurka kuma ya fitar da Suburbanite. Haruffan M+S na nufin laka da dusar ƙanƙara. Tayoyin wannan zamani duk hikimarsu a zane take: manyan haƙora masu faɗin tsaga. Suna fitar da mota daga dusa mai zurfi, amma a kan ƙanƙara mai sulɓi kamar madubi ba su da abin kamawa.

Ƙusa da abin da ta jawo

Amsar da aka samo a farkon shekarun 1960 ita ce ƙusa: ɗan guntun ƙarfe mai tsananin tauri da ake dasawa cikin robar, kansa ya leƙo da kimanin milimita ɗaya. A 1961 Nokian ya fitar da Kometa Hakkapeliitta mai ƙusoshi, kuma cikin shekaru kaɗan wannan iri ya mamaye arewacin Turai, ya shiga Kanada da Amurka da Japan. A kan ƙanƙara zalla babu abin da ya kai ta, domin ƙusar tana huda ƙanƙarar ta karce ta.

Amma ba kullum hanya ke rufe da ƙanƙara ba. A biranen da ake share dusa ana watsa gishiri, yawancin kwanakin hunturu ƙusa kwalta take karta. Miliyoyin ƙusoshi suka riƙa haƙa kwari a tsakiyar tituna, suna goge layukan fenti, suna niƙe kwalta ta zama gari. Jamus ta Yamma ta lissafa kuɗin gyaran hanyoyinta, ta haramta tayar ƙusa a 1975.

A Japan abin ya wuce batun kuɗi ya koma na numfashi. A farkon shekarun 1980 ƙurar kwalta ta riƙa turnuƙe birnin Sendai a ƙarshen kowane hunturu, har aka yi masa laƙabi da Hamadar Sendai. Sapporo ma ta sha irin wannan. Mazauna da likitoci da lauyoyi suka matsa lamba, kamfanonin taya suka amince a 1988 za su daina ƙera ta, majalisa ta yi doka a 1990, haramcin ya fara aiki a yankunan da aka ayyana a 1991. Iska ta washe. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: da ƙusoshi suka daina karce ƙanƙara, sai tayoyi marasa ƙusa suka riƙa goge ta a mahaɗar tituna har ta yi santsin da ba a saba gani ba, kuma Sapporo ta yi shekaru tana fama da zamewar motoci da faɗuwar masu tafiya a ƙasa. Ashe ƙusar da ke cutar da huhun mutanen gari tana yi wa motar da ke biye da ita hidimar da ba a lissafa ba.

Ƙasashen arewacin Turai suka zaɓi tsaka-tsaki. Ba su haramta ba, sun dai ƙayyade watannin amfani da nauyin ƙusa da yawanta. Oslo ta sanya haraji a kan masu shiga da tayar ƙusa a 1999. Stockholm ta hana ta a titin Hornsgatan a 2010 saboda gurɓacewar iska.

Hikima ta koma cikin robar

Haramcin ƙusa ya tilasta wa injiniyoyi neman riƙo a cikin robar kanta, kuma daga nan tayar hunturu ta zamani ta fito. A 1988 Bridgestone na Japan ya fitar da Blizzak, wadda robarta ke cike da ƙananan ramuka kamar soso. Ramukan suna tsotse siririn ruwan da ke kan ƙanƙara, robar ta samu ta taɓa busasshen wuri. Aka kuma yawaita siraran yanka a jikin haƙoran taya, dabarar da wani mai suna John F. Sipe ya yi wa rajista tun 1923. Idan taya ta danna ƙasa, yankan na buɗewa, kowane baki ya zama ɗan kaifi mai kamawa. Tsagogin kuma an tsara su su riƙe dusa, domin dusa ta fi manne wa 'yar'uwarta fiye da yadda take manne wa roba. Daga shekarun 1990 sinadarin silika ya shiga haɗin robar, ya ba ta damar zama da laushi cikin sanyi tare da riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta.

Wannan sauyi ne ya haifi ƙa'idar da masu taya ke maimaitawa: idan ma'aunin zafi ya riƙa sauka ƙasa da digiri 7, lokacin canji ya yi, ko da ba a ga dusa ba. Adadin kimantawa ce kawai, amma yana nuna cewa sanyin kansa, tun kafin ƙanƙara, ya isa ya rage wa tayar zafi ƙarfi.

Tambarin da ake gwadawa

A 1977 Goodyear ya fitar da Tiempo, tayar da aka tallata a matsayin ta kowane lokaci, kuma Amurkawa suka rungume ta don gudun wahalar canji. Irin waɗannan tayoyi suna ɗauke da haruffan M+S, alhali samun haruffan bai buƙaci wani gwaji a kan dusa ba. Siffar zanen kawai ake dubawa. Direbobi da yawa suka shiga hunturu suna zaton suna da kariyar da ba su da ita.

Domin gyara wannan, ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada suka fito da sabon tambari a 1999: dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusa a cikinsa. A ƙa'idar da suka kafa a lokacin, taya ba ta samunsa sai an gwada ta a kan dusa ta zarce wata tayar awo da aƙalla kashi goma cikin ɗari. Dokoki suka biyo baya. Lardin Kwibek na Kanada ya wajabta tayar hunturu a 2008, kuma tun 2019 wa'adin na farawa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Jamus ta yi tata dokar a 2010 ba tare da kwanan wata ba: duk ranar da hanya ke da dusa ko ƙanƙara, dole ne, tun Oktoban 2024 kuma haruffan M+S kaɗai ba sa wadatarwa, sai da tambarin dutse. Finlan da Suwidin suna neman zurfin zane ya kai milimita 3, Ostiriya tana neman 4. A 2021 Tarayyar Turai ta ƙara wata alama dabam ta riƙon ƙanƙara a takardar bayanin taya, domin tambarin dutse dusa kawai yake aunawa.

Abin da tarihin ya bar wa mai saye

Iri huɗun nan su ne. Akwai mai ƙusa, gadon Finlan, ga wanda ke bin hanyoyin karkara masu ƙanƙara a inda doka ta yarda. Akwai mai laushi marar ƙusa, gadon Japan da arewacin Turai, mai kyau a tsananin sanyi amma mai rauni a jiƙaƙƙiyar kwalta idan gari ya ɗan yi ɗumi. Akwai ta tsakiyar Turai, wadda haramcin Jamus ya tsara: robarta ta fi tauri, an yi ta domin ruwa da dusa mai narkewa da gudu a babbar hanya. Sannan akwai ta duk shekara mai tambarin dutse, ga biranen da hunturunsu ke da sauƙi, wadda ba ta kai ƙwararrun ba a kowane ɓangare. Tambayar da ke raba su ita ce wace irin hanya mutum ke bi a mafi yawan kwanakin hunturunsa, kuma mece ce dokar wurin. Ko wace aka zaɓa, huɗu ake sakawa. Biyu a gaba kaɗai kan sa bayan mota ya juya a kwana.

Labarin yana da reshe da ya iso Afirka ta Yamma. Motocin da aka yi amfani da su a Turai da Kanada, da tayoyin gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Legas, wasunsu na hunturu ne da masu su suka yar bayan zanen ya gaza abin da dokar can ke nema. A idon mai saye a Kano ko Maraɗi suna da kyan gani, domin sauran zane na nan. Amma robar da aka haɗa don ta yi laushi a ƙasa da digiri 7 tana yin laushi fiye da kima a kan kwaltar watan Afrilu: ta cinye da wuri, ta tsawaita nisan tsayawar birki. Ana gane ta da tambarin dutse a gefenta da yawan siraran yanka a haƙoranta. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT kuma suna faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta: 3518 na nufin mako na 35 a shekarar 2018.