Matattun motoci a Titin Koudoukou: abin da ya kamata mai mota ya sani

Titin Koudoukou shi ne jijiyar unguwar PK5, a gunduma ta uku ta birnin Bangui. An raɗa masa sunan Laftanar Georges Koudoukou, sojan ƙasar da ya rasu a 1942 bayan yaƙin Bir Hakeim. A nan babbar kasuwa take, da babban masallacin da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015. Ana sauke wasu kayan da ke zuwa daga Duwala ta Garoua-Boulaï a wannan yanki, don haka mota ɗaya da ta mutu a bakin hanya tana iya tsare shaguna biyu ko uku, ta toshe magudanar ruwa da damina.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tana aiki da dokar hanya ta bai ɗaya ta ƙasashen CEMAC, wadda aka amince da ita a 2001. Titi da gefensa mallakar hukuma ne, kuma ma'aikatar magajin gari ce ke da alhakin tsaftarsu. Idan mota ta tare hanya, ko ta zama gawa, abin da Faransanci ke kira épave, hukuma na iya janye ta zuwa fourrière, wato filin da take tsare motoci. Mai ita ne ke biyan kuɗin ja da na ajiya. A Faransa, inda aka aro wannan tsari, wuce kwana bakwai a wuri guda laifi ne.

Wahalar PK5 dabam ce. Rikicin da ya ɓarke a Disamba 2013 ya kori dubban Musulmi, har da Hausawa, zuwa Chadi da Kamaru. Wasu sun bar mota a gareji ko ƙofar gida, takardu kuma sun ƙone ko sun ɓace a hanya. Motar da ake cewa ba ta da mai ita, sau da yawa mai ita yana Ndjamena ko Garwa.

To, a gaban hukuma carte grise ce shaida, ba mukulli ba, ba kuma faɗar maƙwabta ba. Wanda ke waje ya rubuta wa ɗan'uwansa takardar wakilci da hatimin hukuma, ya aika da kwafin takardun motar. Idan sun ɓace, a fara da sanar da 'yan sanda. Mai unguwa ma yana da amfani, shi ya san wane ne ya ajiye me.

Masu sayen tsohon ƙarfe su kula: cire inji ko taya daga motar da ba a san mai ita ba sata ce, sayensu kuma karɓar kayan sata ne, ko da motar ta shekara goma ciyawa na tsiro a cikinta.