Yadda kwamfuta ta kori kafireta daga baburan Harley

Jama'a, duk Harley-Davidson da aka ƙera kafin 1995, kafireta ce ke haɗa masa fetur da iska. A shekarar ne kamfanin ya fara saka injekta a samfurin Electra Glide, kwamfuta na auna man. Dokokin rage hayaƙi suka yi ta matsa lamba, zuwa 2007 duk baburansa sun koma injekta.

Amma fa mai tsohon babur bai yi asara ba, sukudireba da sifana sun ishe shi. In babur ya daɗe a ajiye, fetur kan yi danƙo ya toshe ƙaramin ramin silo, inji ya riƙa mutuwa sai an ja cok. Ka kwance, ka wanke, ka hura iska. Kar ka zura waya ciki, faɗaɗa ramin za ta yi.