Tsohuwar Hanyar Sakkwato ta Zurmi

Tsohuwar hanyar Sakkwato ta Zurmi hanyar ƙasa ce da fatake da manzannin sarakuna suka riƙa bi a ƙarni na 19, daga Kano da Katsina zuwa Wurno da Sakkwato. Ta ratsa arewacin ƙasar Zamfara, kuma garin Zurmi na cikin manyan zangunanta. Ana tafiyar ne a ƙafa, kaya a bisa jakuna da takarkarai da raƙuma, madugu na shugabantar ayari.

Wuri mafi wuya a hanyar shi ne Dajin Gundumi, wanda ke tsakanin ƙasar Isa da Wurno. Ruwa na da ƙaranci a cikinsa, ga kuma farmakin mayaƙan Gobir, waɗanda ba su ga maciji da Daular Usmaniyya a lokacin. Saboda haka matafiya kan jira ayari ya yi kauri, su cika salkunansu, sannan su keta dajin dare da rana ba tare da yada zango ba.

Turawa biyu sun rubuta bayanin hanyar. Hugh Clapperton, ɗan Birtaniya, ya taso daga Kano, ya isa Sakkwato a watan Maris 1824, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya taso daga Katsina a watan Maris 1853, ya bi ta Zurmi da Badarawa, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba.

Tafiyar ayari ta ja baya bayan zuwan mota da jirgin ƙasa, wanda ya iso Ƙauran Namoda a 1929.