Agajin Likitoci da Kiwon Lafiya Mai Ɗorewa a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Wannan bayani ya shafi agajin likitoci ƴan sa kai a gundumomi uku na jihar Maraɗi, da aikin da ya rataya a wuyanku don lafiyar yaranku ta ɗore.

Yadda agajin ya zo

A shekarar 2004 fari da farin ɗango suka lalata amfanin gona a Nijar. Da shekarar 2005 ta kama, gero ya yi tsada, rumbuna suka ƙare tun kafin damina, tamowa ta kama yara masu yawa. Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, wato MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, tana aiki a Maraɗi tun 2001. Ta ƙara buɗe wuraren jinya, har da na Agiye. A lokacin Gazawa tana cikin gundumar Agiye, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A 2005 kaɗai ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasar.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne Plumpy'Nut, wanda mata suke kira biskit. Ana haɗa shi da gyaɗa, madara, sukari, mai da sinadaran gina jiki. Ba ya bukatar dahuwa ko ruwa, don haka uwa tana iya jinyar ɗanta a gida. A 2007 aka raba wani irinsa na rigakafi ga yara fiye da 60,000, ƴan wata 6 zuwa shekara 3, a gundumar Gidan Rumji.

Agaji baƙo ne

A watan Yuli na 2008 gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Daga baya wata ƙungiya ta ƴan ƙasa mai suna FORSANI ta ɗauki jinyar yara a Madarunfa, maƙwabciyar Gidan Rumji. Ku lura da wannan: baƙo raɓa ne. Mai agaji yana ceton rai, amma wata rana zai tafi. Abin da ke zama shi ne asibitin gari, da ma'aikatan da aka horar, da ilimin da ya shiga gidajenku.

A 2006 gwamnati ta zartar da duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. A 2013 aka fara ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata a cikin damina, kuma Gidan Rumji tana cikin wuraren farko. Dalili shi ne zazzaɓi da tamowa suna haɗuwa a lokaci guda, kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi.

Yadda za ku gane tamowa

Ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da zare mai launi uku. Kore yana nufin lafiya lau. Rawaya gargaɗi ne. Ja, wato ƙasa da milimita 115, haɗari ne. Idan ƙafafuwa biyu sun kumbura, ko yaro ya ƙi cin abinci, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira ranar kasuwa.

Abin da ke hannunku

1. A ba jariri nonon farko, wato dakashi, a kuma shayar da shi nono zalla har wata 6.
2. Bayan wata 6 a ƙara masa kunu mai ƙuliƙuli, wake ko garin zogale, ana ci gaba da shayarwa.
3. Yara da masu ciki su kwana cikin sange kowane dare.
4. A wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin ba yaro abinci.
5. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, kada a daina ba shi nono.
6. Biskit magani ne na yaron da aka rubuta wa. Kada a sayar da shi, kada a raba wa ƴan uwansa.

Lafiya daga gona take farawa

Manoman Ɗan Saga a gundumar Agiye sun yi suna wajen sassaben zamani: suna barin tohon itatuwa irin su gawo a gonakinsu, suna gyara shi har ya girma. Itatuwan suna tare iska, suna ƙara wa ƙasa taki, suna ba dabbobi abinci. Bankin cimaka kuma yana tanadin hatsi don lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Ku tattauna wannan a ajinku na yaƙi da jahilci. Ku zaɓi mace ko namiji mai amana wanda zai koyi awon damtse a asibiti mafi kusa, ya dawo ya koya wa iyaye mata na garinku.