Mamaci a Matsayin Matafiyi: Fim ɗin Wonderland da Al'adar Makoki a Gadarif

Wonderland fim ne na Koriya ta Kudu da Kim Tae-yong ya ba da umarni, wanda aka fara haskawa a watan Yunin 2024, daga baya ya shiga Netflix. An gina labarin a kan wani kamfani da ke tattara hotuna da murya da tarihin wanda ya rasu ko ya faɗa dogon suma, ya miƙa wa ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ta samar da kwafinsa da zai riƙa kiran iyalinsa ta bidiyo a waya. Kwafin bai san shi kwafi ba ne. Akan ba shi sana'a a wani wuri mai nisa, domin rashin dawowarsa gida ya zama da dalili. Wannan dabara ta mayar da mamaci matafiyi ita ce ƙashin bayan fim ɗin, kuma ita ce ta sa ya cancanci nazari daga mahangar Hausawan gabashin Sudan, al'ummar da tafiya ce ta kafa ta, tafiya kuma ke ɗaiɗaita ta a yau.

Labarai da dama ne aka saƙa wuri guda. Tang Wei ta fito a matsayin Bai Li, uwar da ajali ya gabato mata, ta yi rajista don kada ƙaramar 'yarta ta san ta rasu. Kwafinta mai haƙar kayan tarihi ce a cikin hamada. Bae Suzy ta fito a matsayin Jeong-in, ma'aikaciyar jirgin sama da saurayinta Tae-ju, wanda Park Bo-gum ya taka, ke kwance asibiti bai san inda kansa yake ba, ita kuwa tana hira kullum da kwafinsa, ɗan sama jannati. Akwai Hae-ri, jami'ar kamfanin, wadda ta girma tana gaisawa da kwafin iyayenta, da wata tsohuwa da ke wahalar neman kuɗi don biyan buƙatun kwafin jikanta.

Batun ba tatsuniya zalla ba ne. A 2020 gidan talabijin na MBC a Koriya ya nuna wata uwa sanye da tabarau na musamman tana ganawa da siffar 'yarta da ta rasu, abin da ya tayar da muhawara a duniya. Manhajar Replika, da ta fito a 2017, ta samo asali ne daga yunƙurin Eugenia Kuyda na farfaɗo da salon maganar amininta daga saƙonnin da ya bari. Masana halayyar ɗan Adam ma sun daɗe suna sa-in-sa. A 1917 Sigmund Freud ya ɗauki makoki a matsayin aikin zare zuciya daga wanda aka rasa. A 1996 Dennis Klass da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa mutane ba sa yanke alaƙa da matattunsu, sauya mata kama suke yi, kuma hakan ba cuta ba ne. Wonderland ya karkata ga ra'ayi na biyu, sai dai ya yi masa fahimta guda: ci gaban alaƙa shi ne ci gaban hira.

A nan al'adar Hausawa ta saɓa masa. Bahaushe bai taɓa yanke alaƙa da mamaci ba, amma ya san inda alaƙar ta fuskanta. Rayayye ne ke aikawa, da addu'a da sadaka da biyan bashi da zumunci ga abokan marigayi, ba ya jiran amsa. Tsarin makokin kansa an gina shi ne don tabbatar da mutuwa a bainar jama'a. Ana gaggauta wanka da sutura da salla, a rufe gawa sau da yawa a ranar. A Gadarif da ke gabashin Sudan, kamar sauran garuruwan ƙasar, akan kafa rumfa a ƙofar gida, maza su zauna ana zagayawa da shayi, duk wanda ya iso ya ɗaga tafukan hannu a gaban mai rashi a yi Fatiha kafin a gaisa. A cikin gida mata na tambayar "Ya haƙuri?", ana amsawa, wata ta shigo ta sake tambaya. Kowace gaisuwa shaida ce sabuwa cewa abin ya faru. Bayan kwana uku a watse, matar marigayi kuma ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Baƙin ciki ba ya ƙarewa da ƙarewar waɗannan kwanaki, amma jama'a sun sa masa iyaka, sun kuma ɗauke wa mai shi wani kaso.

Kamfanin Wonderland ya juya wannan tsari gaba ɗaya. Mamaci ne ke kira, rayayye na karɓa, shi kaɗai da wayarsa, babu ranar watsewa. Mahaifiyar Bai Li, wadda Nina Paw ta taka da ƙwarewa, ita ce ta fi kowa gane illar: ta san 'yarta ta mutu, amma dole ta amsa kiranta a gaban jika, ta haɗiye kukanta. An hana tsohuwa makoki don a kare yarinya, yarinyar kuma ba ta karu ba, domin sai ƙara matsawa take yi a kai ta wurin uwarta.

Sai dai kuskure ne a tsaya a kan cewa al'ada ta riga ta warware matsalar. Tsarin makoki yana aiki ne idan akwai gawa, ko aƙalla tabbataccen labari. Tarihin Hausawan Sudan kuwa cike yake da rashin wannan tabbaci. Tun kafin Turawa, alhazai daga Kano da Katsina da Sakkwato ke ratsa Borno da Wadai da Darfur a ƙasa, tafiyar shekaru. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Mai Wurno ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka fara noman injina a yankin Gedambaliya a tsakiyar shekarun 1940, gonakin dawa da riɗi na Gadarif suka ƙara janyo mutanen yammacin Afirka masu neman guzurin ƙarasawa Makka. Da yawa ba su ƙarasa ba, ba su kuma koma ba. Masani C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna yadda jikokin irin waɗannan matafiya ke ci gaba da ɗaukar kansu a matsayin waɗanda ke kan hanya. A can gida kuwa an bar iyalai, abin da suka sani kawai shi ne wane ya yi gabas.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya sabunta wannan miki. Gadarif ta karɓi waɗanda suka gudo daga Khartum, sannan daga Wad Madani bayan faɗuwarta a Disamban 2023, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024. An cika makarantu da gidajen dangi. A Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a mafi yawan ƙasar. A irin wannan hali mutum kan ɓace tsakanin gari da gari, abin da ya rage wa iyalinsa shi ne saƙon murya na ƙarshe a WhatsApp, da lambar da ake kira ba ta shiga. Masaniya Pauline Boss ta yi nazari mai zurfi kan irin wannan rashi marar tabbas, ta nuna ya fi daskarar da zuciya, domin ba a san ko kuka za a yi ko jira ba.

Fikihun Malikiyya, wanda Hausawa ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, bai bar wannan giɓi haka ba. Matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi iddar mutuwa. Malaman mazhabar sun kuma bambanta wanda ya ɓace lokacin zaman lafiya da wanda ya ɓace a fagen fama. Abin lura shi ne manufar hukuncin: inda labari ya gagara, shari'a na samar da wa'adi don rayayye ya samu mafita. Fasaha irin ta Wonderland akasin haka take yi. Da za a ba matar da mijinta ya ɓace a hanyar Madani muryarsa tana kiranta kowace safiya, an ƙara mata igiya ne a kan wadda ta ɗaure ta.

Labarin Jeong-in ya fi kowanne kusa da wannan hali, kuma nan ne fim ɗin ya fi gaskiya. Tae-ju ya farfaɗo, amma ya dawo a rikice, ba ya tuna abubuwa daidai, halinsa ya sauya. Jeong-in ta tsinci kanta tana kewar na cikin waya alhali na gaskiya na zaune kusa da ita. Dalilin a fili yake: an ƙera kwafin daga abin da ta ke so ta tuna, ba ya gajiya, ba ya rashin lafiya, ba ya ɓata mata rai. Wanda ya dawo daga tsare ko daga gudun hijira shi ma ba ya dawowa yadda ya tafi. Yakan zo da shiru da firgici da saurin fushi. Iyalinsa na buƙatar haƙurin karɓar wannan sabon mutum, kuma duk abin da ya adana musu tsohon cikin kamala yana rage musu wannan haƙuri.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne batun kuɗi da iko. Ya taɓo shi a labarin tsohuwa da jikanta, sannan ya wuce, ya nuna ma'aikatan kamfanin a matsayin masu tausayi kawai. Bai tambayi wa ya mallaki muryar mamaci ba, ko me ke faruwa ranar da aka kasa biya, ko mene ne matsayin mamacin da bai ba da izini ba. Ga Hausawan Gadarif tambayoyin sun fi nauyi, domin abin da za a ƙera kwafin da shi saƙonnin murya ne da aka cakuɗa Hausa da Larabcin Sudan, cike da sirrin gida, ajiye a rumbunan kamfanonin da ke wata nahiya. Kuma muryar da za a iya kwaikwaya don lallashin uwa, ana iya kwaikwayarta don a kira uwar a nemi kuɗin fansar ɗan da ba a san yana raye ba.