Dokar Duba Lafiyar Mota a Hanyar Tambuwal

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, kimanin mil 60 kudu maso yamma da birnin. Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a wurin ya mai da shi ribaɗi, hanyar nan ba ta rabu da fatake ba, domin Jega babbar kasuwa ce tun da daɗewa. A lokacin nan jakuna da takarkarai da raƙuma su ne ke ɗaukar kaya, kuma ba a bukatar wani ma'aikaci ya duba su. In jaki ya yi ɗingishi, ko ya sami miki a baya, kowa na gani. Mota kuwa ba haka take ba. Tana iya fita da sabon fenti tana ƙyalli, alhali birkinta ya mutu, ba kuwa mai sani sai an kai gangara.

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatun wannan yanki sai a mota, watau manyan motocin nan masu bodin katako irin su Bedford da Austin, kaya a ƙasa, mutane a bisa kaya. Hanya kuwa ta jar ƙasa ce. Da rani gargada ta kwance kusoshi, ta karya sifirin, da damina kuma in an yi ruwa mai yawa a sa shinge a tsare motoci sai hanya ta sha iska. Kowane direba yana da karen mota, wanda babban aikinsa shi ne da mota ta tsaya a hawa ya diro da gudu ya cusa waigi a bayan taya. Wannan katako ya ceci rayuka da yawa, amma kuma shaida ce cewa direban kansa bai amince da birkinsa ba.

An kafa dokar motoci ta farko a Kudu cikin 1913, aka game ƙasa duka da ita a 1916. Amma wadda ta zama tushen abin da ake bi daga baya ita ce dokar hanya da ta soma aiki ran 1 ga Janairu, 1949. A ƙarƙashinta ne aikin mai duba motoci ya kafu, wanda direbobi ke kira VIO. Shi ke jarraba mai neman lasin, shi ke duba birki da sitiyari da fitilu da tayoyi, in ya gamsu ya ba da takardar shaidar lafiyar mota. Motar haya da ta kaya, sai an sake kai ta kowane wata 6. In an yi haɗari kuma, shi ake kira ya duba ya faɗa ko laifin mota ne ko na direba. A 1950 aka tilasta inshora, domin wanda mota ta buge ya sami diyya. Kada a zaci an makara a nan ƙwarai, gama ko Ingila ba ta tilasta duba ƙananan motocin jama'a ba sai 1961, kuma da farko sai wadda ta shekara 10. A 1967 ne suka rage zuwa shekara 3.

To, doka ta yi kyau a takarda, sai dai ofishin mai dubawa yana babban birni, motocin kuwa suna ƙauye. Motar da ke bin babbar hanya ta Boɗinga da Shagari da Dogon Daji zuwa Tambuwal ba ta da mafaka, ko ba jima ko ba daɗe za ta gamu da ma'aikaci. Amma wadda ta ratse ta nufi Kebbe da Kuchi, tana yawon cin kasuwannin ƙauye, tana iya shekara ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Abin takaici kuwa, nan ne tsofaffin motoci ke ƙarewa. In mota ta gaji da babbar hanya, ba a yar da ita, sai a sayar wa mai jigilar ƙauye, inda hanya ta fi muni, lodi ya fi nauyi, asibiti kuma ya fi nisa. A irin wuraren nan makaniki na gindin itace shi ne mai duba na gaskiya. Gwanintarsa ba ta da shakka, gama yakan ta da injin da Bature zai ce ya mutu. Sai dai mai mota yakan biya kuɗin abin da zai sa mota ta tashi, ya yi ƙyashin biyan abin da zai sa ta tsaya.

Ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, yadda maƙwabtanta irin su Nijar ke yi. A 1975 kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna, kuɗin mai ya shigo, sababbin motoci suka cika tashoshi, kayan gyara na asali suka samu. Wannan zamani bai daɗe ba. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, aka koma sayen waɗanda Turawa suka gama hawa, ana shigo da su ta Kwatano. Tayoyi ma haka, da sauran kayan gyara. Watau a daidai lokacin da motoci suka fi bukatar dubawa, a lokacin ne masu su suka fi rashin abin gyara.

Cikin Fabrairu, 1988, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, aka ba Wole Soyinka shugabancinta. Ita ce ta tilasta ɗaura bel daga 1 ga Janairu, 2003, ta kuma tilasta wa motocin haya na'urar ƙayyade gudu daga 1 ga Fabrairu, 2017. Ta dage ƙwarai a kan maganar taya, wannan kuwa abu ne da duk wanda ya iya karatu zai iya dubawa da kansa kafin ya shiga mota. A gefen kowace taya akwai lambobi 4 a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar ta ce in taya ta wuce shekara 4 kada a amince da ita, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba na bushewa ta tsage daga ciki, balle a kan kwalta mai zafi a watan bazara. Masu ɗorin Aliero, da ke gaban Tambuwal kaɗan a hanyar Jega, waɗanda sunansu ya kai ko'ina, sun san abin da fashewar tayar gaba ke jawowa.

Ba da takardar lafiyar mota aikin jiha ne, saboda haka kowace jiha da yadda take yi. Ikko da Abuja sun kafa wuraren da na'ura ke auna birki da fitila, ba idon mutum kaɗai ba. Cikin Mayu, 2017, Gwamnan Ikko Akinwunmi Ambode ya janye 'yan VIO daga kan tituna, a Oktoba, 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke cewa na Abuja ba su da ikon tsare mota a hanya ko cin direba tara. Abin da ya jawo haka shi ne kukan da jama'a suka daɗe suna yi, cewa ma'aikaci ya fi duba takarda da duba mota, takardar kuwa sau da yawa ana karɓo ta tare da lasin ba tare da an ko buɗe bonet ba. Kukan yana da gaskiya. Amma janye ma'aikaci daga hanya ya dace da birnin da ke da wurin awo a kusa. Direban da ke lodin gero da awaki daga Kebbe zuwa Tambuwal, hukuncin Abuja bai sake masa kome ba, karen motarsa na nan riƙe da waigi.